Shekarar da Ba a Hau Gawona Ba

Duk wanda ya tashi a gidan fawa kamar ni, da ungulu ya tashi. Garinmu ɗan ƙaramin gari ne a ƙasar Daura, ba nisa da Sandamu, mayankarmu kuwa tana bayan kasuwa, gindin wata tsamiya da ta tsufa tun kakana bai riƙe wuƙa ba. Ranar kasuwa, komai sammakonmu sai mun tarar sun riga mu. Ga su nan jere a rassan tsamiya da kan rumfuna, kowace ta noƙe wuya cikin kafaɗa, kamar dattawan da suka zo zaman makoki tun ba a shimfiɗa tabarma ba. Ba sa kuka, ba sa waƙa; in ma ungulu tana da murya, ni dai har na tsufa ban ji wadda ta isa a kira ta murya ba. Abin da nake ji shi ne bugun fukafukansu in sun sauka, da ƙarar faratansu a kan zana, da kalangun makaɗinmu yana zaga kasuwa yana shaida wa jama'a an kayar da sa mai kitse. Babana yakan ce sun fi mutanen gari jin kalangu, don mutum sai ya tsaya ya shafa aljihu tukuna, su kuwa da jin kiɗa sai saukowa.

Aikina a lokacin wankin kayan ciki ne. In an feɗe sa, a turo mini tumbi da hanji a cikin masaki, in ja su gefe, in yi ta jigilar ruwa daga rijiya har wuyana ya sage. Nan ne majalisarmu da su. Sukan kewaye ni da 'yar tafiyar nan tasu ta tsalle-tsalle, ina juya baya ɗaya ta miƙo wuya ta kama bakin hanji, ni na riƙe can ita ta riƙe nan, manya suna ta dariya babu mai kawo mini agaji. Duk abin da wuƙa ta ƙi, na jijiya da tantani da guntun fata, nasu ne, ba a ma tunanin sayarwa. Kafin la'asar wurin ya koma fes, sai jar ƙasa da sawun ƙafafunsu, har mutum ya zauna a gefe ya ci tsirensa bai toshe hanci ba. Kada in yi ƙarya in ce sonsu muke yi. Babu mai son ungulu. In an yi wa yaro aski ƙwal da ita ake tsokanarsa, in mutum ya cika kwaɗayi da ita ake zaginsa, tsohuwarmu ma in ta ga na tsuguna kusa da murhu tun ba a kwashe tuwo ba, sunan da take ba ni ke nan. Amma ba mai jifarta. Tana nan ne kawai yadda rijiya take nan, ba ka tambayar daga ina ta zo, balle ka yi zaton wata rana za ka neme ta.

Ba su kaɗai ne a sama ba. Gab da damina shamuwa takan iso ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, tsofaffi su ce a sauko da iri a kai fartanya maƙera. A fadamar da ke kudu da mu gauraka kan sauka bibbiyu, in suka yi kuka da yamma har cikin ɗaki kake ji. In an aike mu daji itace mukan tayar da tuje daga cikin ciyawa, ya tashi da ƙyar saboda nauyi, mu bi shi da gudu mun san ba kama shi za mu yi ba. Yanzu in na faɗa wa samari haka sai su dube ni da ladabi, irin duban da ake yi wa tsohon da aka san ya fara haɗa gaskiya da mafarki. Ba na jin haushinsu, don ba su gani ba.

Akwai rana ɗaya da ba ta fita raina. Kasuwa ta cika, an kayar da sa, masu saye sun yi dafifi a gaban babana, sai hayaniya ta tashi a gindin tsamiya. Ashe wata ungulu ce ta ɗauki guntun nama haɗe da igiyar da aka ɗaure ƙafar sa, ta tashi da ita, igiyar ta naɗe mata ƙafa ta kuma sarƙe a reshe. Ga ta can tana reto, kai a ƙasa, tana ta bugun iska. 'Yan kallo suka taru, wani har yana cewa a bar ta, ai su ma haka suke zaman jiran wasu su mutu. Babana mutum ne mai jiki, ba a san shi da hawan itace ba, ba a kuma san shi da barin ciniki ba ko da gobara ake yi. Sai na ga ya ajiye wuƙar fiɗa, ya tattare riga, ya kama tsamiya. Kasuwa ta tsaya cak. Ya hau yana nishi, ya ja ciki a kan reshen, ya kamo igiyar ya jawo tsuntsuwar. Ladan da ta ba shi shi ne ta amayar masa da duk abin da ta ci tun safe, daga hula har ƙirji. Bai sake ta ba sai da ya warware mata ƙafa. Ta faɗo ƙasa, ta yi tangal-tangal, ta tashi, ko waiwaye babu.

Ya sauko ana ta sheƙa dariya, masu saye suna ja da baya saboda wari. Wani dillalin shanu ya ce masa, "Haba, kai kuwa! A kan ungulu ka bar nama a rana?" Babana yana goge gemu da ganye ya ce, "Tun ban san hannun damana ba take share mana wurin nan, ba ta taɓa zuwa ta ce in biya ta ba. Yau ɗaya ta buƙace ni, sai in ce ina ciniki?" Da muka koma gida tsohuwarmu ta tsayar da shi a zaure, ta ce ba zai shigar mata gida da wannan turaren ba, sai can aka kai masa ruwa da sabulun salo. Ni kam ranar kunya ta ishe ni, don an daɗe abokaina suna kirana ɗan mijin ungulu. Sai da na girma na gane alfahari ya kamata in yi, kuma har yau in na tuna shi a kan reshen nan sai in ji kewarsa ta taso mini.

Ba zan iya cewa ga ranar da suka tafi ba. Abin ya zo ne a hankali, yadda haƙora suke barin baki. Na gaji wuƙar babana, na yi aure, na aurar, ina dai ganin rassan tsamiya suna ƙara fili. Da farko wasu baƙi ne suka riƙa zuwa da buhu suna tambayar kan ungulu da ƙwanta, wai ana haɗa magani da su a wasu garuruwa, na sa'a da na farin jini. Dariya muka yi musu, muka ce duniya ta zo ƙarshe tunda ungulu ta yi kasuwa. Ba mu san akwai masu sauraronsu a bayan idonmu ba. Sai kuma aka shiga zuba guba a mushe don dila da karnukan da ke ɓarna, abin da ya sauko daga sama ya ci kuwa ba ya tashi. Manyan itatuwa suka bi motocin itace da gawayi. Tsamiyar mayanka ma da aka zo faɗaɗa kasuwa aka kwantar da ita aka yi shaguna. Mu kanmu mahauta muka daina zubar da komai, don yau har jini da tantani akwai mai saye. Ka je mayankarmu yanzu ranar kasuwa ka ji: babur yana kuka, injin markaɗe yana kuka, kowa yana ihu a waya, ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai baƙar leda ta maƙale a wayar lantarki. Kwatar da ke baya kuwa, in iska ta juyo sai ka ajiye abincinka. Ƙudaje da karnuka ne suka gaji aikin, kuma ba su iya ba.

Da gwiwoyi suka ƙi ni, sai na bar wa 'ya'ya fawa na koma gona. Gonar gado ce, arewa da gari, a tsakiyarta akwai wani gawo da mutum biyu ba sa rungume shi. Kowa ya san halin gawo: da damina in itatuwa sun yi ganye shi sai ya zubar da nasa, da rani in duniya ta bushe sai ya yi kore shar. Abin da ya sa yake da daraja a wurin mai shanu ke nan. A wajenmu akwai tsohuwar al'ada tsakanin manomi da makiyayi. In an gama kaka, makiyayi ya sauka a gonarka, shanunsa su ci kara su kwana a nan su bar maka taki. In bazara ta yi tsanani kara ya ƙare, sai ya hau gawonka da barandami ya saro musu ganye. Ba a rubutawa, ba a kiran shaidu. Taki naka, gawo nasa. Nawa makiyayin wani Bafulatani ne da muke kira Dogo. Ubansa ya sauka a gonar ubana, shi kuma yana sauka a tawa tun gemunmu yana baƙi. Da damina yakan yi arewa da shanunsa ta wajen Kongolam har ya tsallaka iyaka, in an girbe gero sai ga shi. Yana kirana Sarkin Fawa, sarautar da ba a taɓa ba ni ba, yana cewa duk saniyar da ta yi ido biyu da ni sai nononta ya ƙafe. Ni kuma ina ce masa ba don mu ba, da tsofaffin shanu sun hana shi wurin kwana.

Shekarar da nake ba da labari, bayan an gama ɗaurin gero, na je gona da hantsi na zauna gindin gawo ina hutawa, sai wani ɗan tsinke ya faɗo mini a kafaɗa. Na ɗaga kai. Wallahi sai da na murtsuke ido. Ungulu ce, guda biyu, can ƙololuwa inda rassa suka rabu, ɗaya tana riƙe da kara a baki. Na daɗe rabona da ganin ko ɗaya, har na fara mance yadda jar fuskar nan take. Ban san lokacin da na ce "Sannunku da zuwa" ba, ni kaɗai a gona. Ban gaya wa kowa ba sai 'ya'yana, su ma na ja musu kunne.

Ana nan sai ga wata yarinya ta zo garinmu, 'yar wani malami ce daga cikin Daura. Ta yi karatun dabbobi da tsuntsaye, tana aiki da wata ƙungiya mai neman inda ungulu ta rage don a kare ta. Mahauta take bi kasuwa-kasuwa tana tambaya, har 'ya'yana suka ga hankalinta suka turo ta wurina. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata.

"Baba, an ce kai ka fi kowa sanin ungulu a garin nan."

"An dai ce na fi kowa kama da ita," na ce, ina shafa sanƙona. "Amma 'yata, duk masu tambayar ungulu da na sani da buhu suke zuwa. Ina naki?"

Ta yi dariya, ta buɗe jaka ta fito da wani madubi mai ido biyu da ke jawo nesa kusa. "Ga buhuna nan, Baba. Ni kallo kawai nake yi."

Na kai ta gona. Ta daɗe da madubin a ido, sannan ta miƙo mini. Na ga tsuntsuwar kamar in taɓa ta, kwance a sheƙa, tana lumshe ido. Malama, don haka na riƙa kiranta, ta ce kwanci take yi. Ta ce ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗaya tal, in ya lalace shekarar ta tafi. In kuma ya ƙyanƙyashe, ɗan ba ya barin sheƙa sai gab da damina. Ni da na ƙare rayuwata a tsakiyarsu ban taɓa sanin haka ba, don ban taɓa tambaya ba. Ta ce ta zaga tun daga garin Babban Mutum har Kongolam a bakin iyaka, tsofaffin sheƙu ta gani, mai tsuntsuwa a ciki kuwa sai wannan. Can idonta ya kai kan tsohon tabon sara a jikin rassa.

"Baba, ana saran gawon nan ne?"

"Duk bazara."

"In aka hau shi bana za su watse. Ko sun dawo, ba inuwa, rana za ta gama da ɗan kafin su iso. Ba na zo in hana ku abinku ba ne, Baba, roƙo nake yi."

"'Yata," na ce, "gonar tawa ce, amma ganyen ba nawa ba ne."

Dogo ya iso a makare shekarar. Ruwa bai yi kyau a arewa ba, shanunsa sun zo haƙarƙari a waje tun rani bai yi nisa ba. Sauran gawon da suka rage a karkararmu kowanne da makiyayinsa, babu na aro. Na sayi goro na same shi a mashekari, inda ya sauka da shanunsa a gonata, matarsa ta kawo mana fura da nono, na sha, na tambayi hanya, na tambayi lafiyar maruƙa, na sake tambayar hanya.

"Sarkin Fawa," ya ce, "tun ɗazu kake kewaye-kewaye. In saniya ka zo taya wa, ba ta sayarwa ba ce. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Gawo na zo roƙo, Dogo. Bana kaɗai. Kada a hau shi."

Ya yi dariya, ya ɗauka cikin wasanmu ne. Na nuna masa sama, na gaya masa duk abin da Malama ta ce. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon sheƙar.

"Ungulu," ya ce. "Shanuna su kwana da yunwa saboda ungulu. Ubana ya hau itacen nan ubanka yana ƙasa yana ja masa rassa. Ka san abin da kake tambaya kuwa?"

"Na sani. Haƙƙinka ne. In ka ce a'a ba zan hana ka ba, ba kuma zan ga laifinka ba."

Ya fasa goro ya ba ni rabi, muka yi ta tauna. Can ya ce, "Da, in saniya ta ɓace mana a daji, sama muke dubawa. Inda suke shawagi, can take. Yanzu sai ka yi ta bilayi har wari ya kira ka." Ya tofar da tukar goro. "To, na ji. Bana dai."

Ban taɓa ganin bazara mai tsawon wannan ba. Harawar wake da ta gyaɗa da na ajiye wa raguna, duk na sa aka kwaso aka kai mashekari. Malama ta kawo 'yan buhunan dusa, iyakar abin da ƙungiyarsu ta iya, ta kuma ba Dogo haƙuri da bakinta, amma garke guda ba ya jin 'yan buhuna. Takan zo jefi-jefi ta duba sheƙa, ta zauna da mai gari da liman da mahauta a kan maganar guba da masu buhu, har 'ya'yana suka koma ware abin da wuƙa ta ƙi suna kaiwa wani fili bayan gari. Ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ta madubinta na fara ganin ɗan, wani ɗan kai mai gashi buzu-buzu yana leƙowa, uwar ta buɗe fukafuki ta yi masa inuwa tana haki. Wata rana da azahar wasu mutum biyu suka zo a babur, labari ya kai musu, suna zagaya gindin gawo suna kallon sama. Dogo ya taso da sandarsa a kafaɗa ya ce musu, "Ni mai shi ban hau ba, sai ku?" Ba su sake dawowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shanun. Sun san itacen, sun san lokacinsa. Da rana sai su taru a gindinsa, su tsince 'ya'yan da iska ta kaɗo, in sun ƙare su tsaya suna ɗaga kai ga ganyen. 'Ya'yan Dogo, manya da iyalinsu, suka fara gaishe ni a tsaye, kuma ban ga laifinsu ba. Sukan kora garken nesa tun safe, su dawo da yamma cikin shanun bai tashi ba. Shi Dogo bai taɓa ce mini uffan a kai ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Wata safiya ya aiko in zo da wuƙa. Na daɗe da ajiye ta, amma na san abin da irin wannan aike yake nufi. Farar saniyarsa ce, uwar garke, wadda in ta tashi sauran suke tashi. Ta kwanta ta kasa miƙewa. Sun ɗaga ta da wutsiya, sun zura itace ta ƙarƙashinta, ƙafafun sun ƙi. Muka juya ta alƙibla, na yi bismilla na yanka. Da na feɗe ta, ko kitsen da za a shafa wa wuƙa babu. Da na buɗe tumbi, leda ce da yashi. Na buɗe cikin shanu tun ina wankin hanji, amma ban taɓa jin kunyar saniya ba sai ranar. Na ajiye wuƙar.

"Dogo, ni na jawo maka wannan. Ka hau gawon gobe, na janye roƙona."

Yana tsugune, ya dogara da sanda, bai dube ni ba. "Bakinka ya roƙa, nawa ya amsa. In na hau gobe, ta mutu a banza ke nan." Ya nuna garken da haɓa. "Dubi can. Galibinsu 'ya'yanta ne da jikokinta, ita ta gama nata. Waccan ta sama ɗa ɗaya gare ta, kuma ko tashi bai yi ba." Ya share fuska da gefen rawani. "Ɗauki wuƙarka, Sarkin Fawa, rana tana yi."

Da ruwan farko ya sauka aka fara shuka, dole shanu su bar gonaki. Ɗan ungulun ya yi girma, ya kusa kai iyayensa, yakan fito bakin sheƙa ya yi ta bugun fukafuki sannan ya koma ya lafe. Dogo ya so ya ga tashinsa, amma ba a barin garke a cikin shuka. Ranar da suka ɗaura kaya a kan takarkari ya tsaya gindin gawo ya kalli sama, ya ce, "Ragon banza," ya bi shanunsa. Bayan tafiyarsa gawo ya fara zubar da ganye yadda ya saba. Ganyen da muka hana shanu ya riƙa zubowa ƙasa da kansa, ina takawa in zan wuce, raina yana sosuwa.

Ina cikin noman farko da hantsi, na miƙe in huta da baya, sai na ga ɗan a kan wani reshe nesa da sheƙa. Iyayen suna can sama suna shawagi. Ya sunkuya, ya fasa, ya sake sunkuyawa, sai kawai ya saki reshen. Ya yi ƙasa har na ce shi ke nan, sai iska ta ɗauke shi, ya yi wani karkataccen zagaye a kan gonata, ya ƙara wani, ya yi sama. Na tsaya da fartanya a hannu hawaye yana bin gemuna, ban ko share ba. Malama ya kamata in fara kira, amma Dogo na kira. Sai da na yi ta gwadawa kafin wayar ta shiga, muryarsa tana zuwa tana yankewa, ina jin kukan maruƙa a bayansa.

"Dogo, ɗan ungulun ya tashi. Yanzun nan, a kan idona. Ya bi iyayensa."

Muryarsa ta yanke, ta dawo.

"Da wa ya yi kama?"

"Da uwarsa. Har ya fi ta muni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To, Allah ya raya shi." Sannan ya ce, "Malamar nan ta ce suna komawa sheƙa ɗaya duk shekara, ko?"

Maganar da na kasa kawo masa ke nan, don in sun dawo baɗi ma ba za a hau gawon ba. "Haka ta ce."

"To, ka shuka wake da yawa bana, Sarkin Fawa. Harawa za mu buƙata."

Wayar ta yanke. Na ajiye fartanya a nan gindin gawo, na kama hanyar kasuwa neman irin wake.